Gadon Bawa Mai-Gabas

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Kurayyat ta Jidda ya san Gwadabe, in bai san shi da suna ba ya san shi da kunnuwa. Kunnuwa ne manya-manya a buɗe, kowanne ya kama gabansa, kuma ba ya yarda hula ta rufe su, domin a cewarsa su ne shaidarsa ta gado. Mutane suna fafutukar neman iƙama, takardar izinin zama, shi kuwa kunnuwansa yake nunawa.

Ni Rilwanu tela, shagona yana ƙasan benen da yake zaune, don haka babu ranar da ban sha labarin Bawa Mai-Gabas ba. Bawan nan kakan kakan Gwadabe ne. Tun kafin Bature ya taka Kano ya tashi wata safiya ya ce wa matarsa Rahamatu, tana goye da jariri, zai tafi gabas neman arziki, damina biyu zai dawo da raƙuma. Ya fita a ƙafa, bai sake waiwayowa ba. Can daga baya wani alhaji ya kawo labarin an gan shi a Jidda, bayan ya shafe shekara ashirin da uku a hanya. Nan take dangi suka yanke hukunci cewa babu abin da zai riƙe mutum a ƙasar wasu har mutuwa in ba dukiya ba. Haka aka yi ta miƙa zancen daga uba zuwa ɗa, kowa yana ƙara masa gishiri, har ya iso bakin Gwadabe Bawa yana da gidaje bakwai da jirgin ruwa.

Neman gadon nan ne ya kawo Gwadabe umra shekara tara da suka wuce, ya maƙale. Kafin gadon ya bayyana yana ɗan taɓa dakon kwalaye a wani sito a unguwar Khumra, wanda yake kira "lura da harkar shige da fice."

Matarsa Rabi'a ce ke riƙe da gidan. Ɗakinsu guda ne, a can saman bene kusa da tankin ruwa, kuma da ƙyar ta same shi. Mai benen, wani Balarabe mai suna Mish'al, sharaɗi ɗaya ya gindaya mata ranar da ya ba ta makulli: "Ku biyu, babu na uku. Ba taro, ba hayaniya. Ranar da motar jawazat ta tsaya a ƙofata saboda ku, halas." Jawazat kuwa su ne masu kama marasa takarda, kuma daga ita har mijin babu mai ko guntuwa.

Rabi'a ta riƙe sharaɗin nan kamar farilla. Shekara tara ba ta taɓa daka a turmi ba, atishawa ma a cikin mayafi take yi. Ɗanwake take dafawa tana aika wa leburorin Khumra, ta shuka rama da yakuwa a gwangwanaye a bakin ƙofa. Ɗakin nan shi ne duk abin da ta mallaka a duniya, kuma tana son sa, duk da zafinsa.

Kuskurenta ɗaya a rayuwa shi ne da ta gaya wa mijinta abin da wata mai sayen ɗanwake ta faɗa mata: wai a unguwar Bani Malik akwai wata tsohuwa, Hajiya Ikilima, haifaffiyar Jidda, tana ajiye da wani akwati na kakan babanta, wani Bakano da ake kira Bawa.

Kafin ta rufe baki Gwadabe yana shagona.

"Rilwanu, ara mini farar jallabiyar can."

"Ta mai ita ce. Gobe zai zo karɓa."

"Gobe in ya zo ka ce masa magajin Bawa Mai-Gabas ya sa ta. Zai ƙara maka tukuici."

Ganin ba zan iya ƙwace ta ba, sai na rufe shago na bi shi. Ba shi na raka ba, jallabiyar na raka.

Hajiya Ikilima a hawa na huɗu take, benen ba lif. A gindin matakala jarkoki ne cike da ruwa a jere. Muna isowa ta leƙo ta taga ta ƙwala mana kira.

"Ya waladi! Ku hau mini da jarka ɗaya! Muya mafi, ba ruwa a sama, injin tura ruwa ya mutu tun azumi!"

Gwadabe ya dubi jarkar, ya dubi hannayensa. "Ni? Magajin Bawa? Hannun nan ba na ɗaukar ruwa ba ne. Rilwanu, taimaka wa tsohuwa."

Na ɗauka, ina hawa ina tsine masa a zuci.

Tsohuwar ba ta amsa gaisuwarsa ba sai da ta kama kunnensa na dama ta murza, ta duba bayansa.

"Aiwa," in ji ta. "Kunnen Jaddi ne, kakanmu Bawa. Daga ɗakin wacce kake?"

"Ɗakin Rahamatu, Gwaggo. Ta Kano. Ta asali."

Sai ta saki kunnen. Ta nuna mana ƙarƙashin gado, inda wani dogon akwatin katako yake kwance da tsohon kwaɗo. Makullin yana rataye a wuyanta. Ta ce wasiyyar da ta taras ita ce kada a buɗe sai jinin Rahamatu ya zo daga Kano, kuma a buɗe a gaban zuriyar Bawa.

Gwadabe ya durƙusa ya ɗaga gefen akwatin, ya kasa, ya ɗago kai yana murmushi. "Ka ji nauyi, Rilwanu? Zinare ne. Gwaggo, zuriyar tasa kamar mutum nawa ce?"

"Allahu a'alam."

"Wato ni da ke. To, a gidana za a buɗe, tunda mu ne babban ɗaki. Ranar Juma'a bayan la'asar."

A cikin mota muna dawowa ya ɗauki saƙon murya ya jefa a duk wani guruf na Hausawan Jidda da ke wayarsa: duk wanda ya san shi jinin Bawa Mai-Gabas ne ya hallara ranar Juma'a a saman benen Mish'al, za a buɗe taskar kakanni. Ya ce mini don a cika wasiyya ne kawai, ya san ba mai zuwa.

Rabi'a ta ji saƙon a wayar maƙwabciya kafin mu iso. Mun tarar da ita a bakin shagona, hannu a ƙugu, tana faɗa cikin raɗa, don ko faɗa ba ta yi da ƙarfi.

"Malam, taro ka kira a ɗakina?"

"Wane taro? Ni da tsohuwa ne sai Rilwanu."

"Mutumin nan shekara nawa ya yi a hanya?"

"Ashirin da uku. Jarumi kenan."

"Kuma kana zaton azumi ya yi ta yi duk tsawon hanyar?"

"Rabi, ba ki san tarihi ba. Mai neman arziki ba shi da lokacin aure."

"To Gwaggon Bani Malik daga sama ta faɗo?"

Ya ce wannan daban ne, bayan ya isa ne. Ya kuma ce ta daina damuwa da ɗaki, nan da sati benen gaba ɗaya zai saya mata, Mish'al ya koma mai gadi.

Ranar Talata ya je Khumra ya ajiye aiki. Ya cire safar hannunsa ya ɗora a teburin mudir, shugaban siton, ya ce masa in ya kama kansa da kyau zai iya tunawa da shi idan ya buɗe nasa siton. Ranar Laraba ya ari tef ɗina na awo ya fito yana auna gaban benen. Mish'al ya fito daga motarsa ya tsaya yana kallo.

"Esh hada, ya Gwadabe? Mene ne haka?"

"Ba komai, ya shekh. Nan nake so a fasa a yi gareji."

"Garejin wa?"

"Za ka ji."

Ranar Alhamis ya zuba albashinsa na ƙarshe a kan rago, don a yanka bayan an buɗe akwati. Da yake rago ba ya cikin mutum biyun da aka yarje wa ɗakin, sai ya cusa shi a kwalin firji, ya ɗaure, ya ce in kama masa mu hau. A hawa na biyu muka yi kiciɓis da Mish'al.

"Firji ne," in ji Gwadabe tun ba a tambaye shi ba.

Firji ya ce, "Mbeee."

Mish'al ya ja da baya.

"Sabon samfuri ne," in ji Gwadabe. "In ya ji zafi sai ya yi ƙara."

A daidai nan wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe suka gangaro ta ƙasan kwalin, suka bi matakala ɗaya bayan ɗaya. Mish'al ya bi su da ido har suka tsaya. Ya nuna Gwadabe da yatsa, ya nuna sama, ya ja yatsan a wuyansa, ya wuce.

Ranar Juma'a ana idar da la'asar baƙo na farko ya yi sallama. Wani ƙato ne, direban tirela, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, sunansa Zaharadden.

"Salamu alaikum, ya zol! Nan ne gidan ɗan'uwa? Ni jinin Bawa ne ta ɗakin matarsa ta Sinnar."

"Babu wata matarsa ta Sinnar," in ji Gwadabe. "Cire rawanin mu gani."

Zaharadden ya warware rawani. Kunnuwa suka faɗo waje, sun ma ɗara na Gwadabe faɗi.

Gwadabe ya leƙa bayansa. "To, kai kaɗai ne dai ko?"

"Ni da ƙannena tara. Suna ƙasa suna neman wurin ajiye mota."

Daga nan ƙofa ta buɗe. Na ɗakin matar Kukawa suka zo su shida. Na Abeshe suka zo suna gaisuwa da Faransanci. Na Fashir, na Ubayyid, na Sawakin, ashe Bawa duk garin da damina ta riske shi sai ya yi noma, ya yi aure, ya bar kunnuwa, ya ƙara gaba. Kuma duk zuriyar ta gaji ciwon nan nasa na nufar gabas, shi ya sa rabinsu suka tare a Jidda. Har da samarin da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "gado" ba.

Gwadabe ya tsaya a bakin matakala da tef ɗina yana auna kunnen kowa, ko zai samu na kora. Bai samu ko ɗaya ba. Wata tsohuwa da ya ce nata sun yi ƙanana ta sa hannu ta zaro sauran daga cikin ɗankwali.

Rabi'a kuwa tana bin mutane ɗaya-ɗaya tana roƙo. "Don girman Allah ku cire takalma. Ku yi magana a hankali. Baba, tarin nan a riƙe shi." Mutum saba'in da wani abu suka tsaya a saman bene a kan yatsun ƙafa, suna gaisawa cikin raɗa, kowa yana tambayar ɗakin da ɗan'uwansa ya fito. Takalma suka taru a bakin matakala. A cikin wannan hidima ragon ya huda kwali ya fito, ya bi gwangwanayen Rabi'a ya cinye rama da yakuwa tas, ba ta ma gani ba.

Ƙannen Zaharadden ne suka hau da Hajiya Ikilima a kan kujera. Akwatin kuwa Gwadabe ya ce babu mai taɓa shi sai shi. Ya ɗora a kai, ya hau yana nishi, jijiyoyin wuya a waje, ya dire shi a tsakiyar taro kusa da tankin ruwa. Jallabiyar mutane, wadda har ranar bai dawo da ita ba, ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ya hau kan akwatin ya yi jawabi.

"'Yan'uwa, na ga kun yi yawa, amma ba laifi. Ku sani ɗakin Rahamatu ne babba. Gidaje bakwai ɗin ni zan riƙe don kada a yi rigima. Jirgin ruwan kuwa kowa zai riƙa hawa kyauta ranar sallah."

"Sauko, ya waladi," in ji tsohuwa. "Kana tsaye a kan kakanka."

Ta ciro makulli daga wuya. Kwaɗon ya yi gardama, aka ɗiga masa man ɗanwake, ya buɗe. Kunnuwa ɗari da arba'in suka sunkuya a lokaci guda.

A ciki akwai salka biyu na fatar akuya, sun bushe sun ƙanƙance, da wasu ƙugiyoyin ƙarfe masu tsatsa. A ƙarƙashinsu taɓarya ce, irin tamu ta daka, baƙa wuluk, tsakiyarta ta suɗe tana ƙyalli. Sai wata takarda a naɗe cikin fata. Nauyin da Gwadabe ya ji duk na katakon akwatin ne.

Gwadabe ya wawuri takardar. "Ga ta nan! Takardun gidaje!" Ya buɗe, ya gyara murya. Rubutun ajami ne, kuma ni na san ko allon shagona ba ya iya karantawa. "Bismillahi. Ni Alhaji Bawa, attajirin Jidda, na bar wa jikana Gwadabe gida na farko da ke bakin teku, mai hawa..."

"Ya san sunanka tun kafin a haifi kakanka?" in ji wani ɗan Abeshe.

"Waliyyi ne."

Zaharadden ya miƙa hannu ta saman kansa ya zare takardar. Ya yi karatun allo a Mai Wurno, ajami ba baƙonsa ba ne. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa:

"Ni Bawa ɗan Kano. Ranar da na fito na ɗauki taɓaryar Rahamatu don korar kuraye a hanya, na ce mata zan dawo da ita tare da raƙuma. Ban samu raƙumi ba, ban samu komai ba. Ruwa nake sayarwa a Jidda, salka gaba salka baya, a rataye a taɓaryar nan. Kunya ce ta hana ni komawa. Wanda duk ya zo daga ɗakin Rahamatu a ba shi taɓaryarta, a ce ta yafe mini. In shi ma arziki ya fito nema, ya ɗora ta a kafaɗa. Ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba."

Wurin ya yi tsit, irin shirun da Rabi'a ta yi ta roƙo tun la'asar ba ta samu ba. Hajiya Ikilima tana share ido da gefen mayafi. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai, don babu ɗaya a cikinmu da bai bar wani a gida da alkawarin damina biyu ba.

Gwadabe ne ya fasa shirun da dariya.

"Kai, tsohon nan akwai wayo! Ya san za a taru, shi ya sa ya rubuta haka don ɓarayi. Zinaren yana cikin taɓaryar! Ku matsa!"

"Malam, ajiye," in ji Rabi'a. "Don Allah ajiye."

"Rabi, yau za ki ga wanda kika aura."

Ya kama taɓaryar da hannu biyu, ya ɗaga sama zai maka ta da ƙasa ta tsage. Ragon, wanda ya ƙoshi da rama, ya hango farar jallabiya ta ba shi baya. Ya ja da baya taku uku, ya taho ya tunkuye shi. Gwadabe ya tashi sama, ya juya, taɓaryar ta sauka da dukan ƙarfinsa a jikin tankin ruwan Mish'al, wanda aka cika a safiyar ranar.

Taɓaryar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Tankin ne ya tsage daga sama har ƙasa.

Ruwa ya fara da ɗakin Rabi'a, ya ɗauko katifa da tukwane, sannan ya nufi matakala ya kwashi takalma saba'in da wani abu ya gangara da su. Mutanen da tun la'asar suke raɗa suka saki murya gaba ɗaya, da Hausa da Larabci da Faransanci. Ni ina tsaye ina lissafin inda ruwan zai tsaya, sai na tuna shagona ne a ƙasa. Ɗinkin mutum goma sha ɗaya ya yi wanka ranar, kuma har yau ban yafe wannan ba.

Mish'al ya taho yana hawowa, ruwa yana saukowa, takalma suna dukan ƙwaurinsa. Yana isowa sama santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, ruwa ya tafi da shimag ɗinsa, ƙyallen da Larabawa ke lulluɓe kai da shi. Ya miƙe kai ba lulluɓi, ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya ga kowa ya zuba masa ido. Ba fuskarsa ake kallo ba. Shekara tara muna tare, ban taɓa ganin kunnuwan mutumin nan ba sai ranar.

"Allahu akbar!" in ji Zaharadden, ya rungume shi ya ɗaga sama. "Ɗan'uwa! Daga wane ɗaki?"

"Sake ni! Ana mali, ina ruwana da ku! Barra! Kowa waje!"

"Fushin ma irin na gidanmu ne," in ji tsohuwar nan mai ɗankwali.

Gwadabe ya taso daga cikin ruwa da tef a hannu. "Ya shekh, tsaya a auna. In ka shiga, tankin na dangi ne, ba sai an biya ba."

Ana cikin haka wata mota ta danna wani irin hon a bakin titi. Wani ya ce, "Jawazat!" Ban taɓa ganin zumunci ya watse da sauri irin na ranar ba. Masu iƙama da marasa ita duk suka rufta matakala, kowa ya suri takalmin da ya samu, ragon yana tsakiyarsu, kuma daga ranar ba a sake ganinsa ba. Ashe wayit ce, tankar ruwa, ta zo wucewa taron 'yan kallo ya tare mata hanya.

Mish'al ya ɗaure kunnuwansa da jiƙaƙƙen shimag, ya miƙa wa Rabi'a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Miftah. Kafin magariba."

Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta ba shi.

Muka sauko da kayansu bakin titi: jiƙaƙƙiyar katifa, tukwane, gwangwanayen da ba komai a ciki sai kututturen rama. Rabi'a ta zauna a kan katifar. Na tausaya mata ƙwarai, don ita kaɗai ce a duk taron ba ta zo neman komai ba, kuma ita kaɗai ta yi asara.

Gwadabe ya matso yana ɗiga. "Rabi, in aka duba salkunan da kyau..."

"Malam." A karo na farko na ji muryarta sosai, har mai shagon tsallake ya leƙo. "Shekara tara ban yi dariya da ƙarfi ba. Uwata ta rasu, a cikin filo na yi kukanta don kada a kore mu. Kai kuma ka rushe mini shi a wuni ɗaya saboda taɓarya. Ina za mu kwana?"

Gwadabe ya koma matse bakin jallabiya.

Sai muka ji murya daga sama. "Ya jama'a! Wa zai sauko da ni?"

An manta da Hajiya Ikilima a kan kujerarta, masu ɗaukar ta sun gudu. Ni da Gwadabe muka hau muka sauko da ita, taɓaryar tana kwance a cinyarta. Muna dire ta ta kira Rabi'a.

"Ta'ali, 'yata. Wasiyya ta ce a ba ɗakin Rahamatu. Na duba na ga ke ce Rahamatun, don ke aka bari da wahala. Ungo." Ta ɗora mata taɓaryar a hannu. "Ina da ɗaki a saman benenmu, tantabaru ke kwana a ciki. Ki kore su ki shiga. Ni rabin kurma ce, maƙwabtana sun fi ni. Ki yi daka, ki yi waƙa, ki yi faɗa da mijinki yadda ranki yake so."

Rabi'a ta fashe da kuka, da ƙarfi, a tsakiyar titi.

"To ni fa, Gwaggo?" in ji Gwadabe. "A matsayina na magaji?"

"Kai ma Jaddi ya rubuta naka. Hawa huɗu ne, gida takwas, injin ya mutu. Jarka gaba, jarka baya."

"Ni? Hannun nan..."

"Ba hannu ba, ya waladi. Kafaɗa."

Bayan sati biyu na je Bani Malik karɓo abin da ya rage na jallabiyar mutane. Tun daga bakin layi nake jin lugude daga sama, har da tafi tsakanin bugu da bugu. Rabi'a ce take rama dakan shekara tara. Da safe taɓaryar tata ce, in ta gama ta miƙa wa maigida.

Na jira a gindin matakala har ya sauko da ita. Ya rataya jarka biyu a ƙugiyoyin Bawa, ya sunkuya, tsakiyar taɓaryar da ta suɗe ta zauna a kafaɗarsa daram. Ya miƙe yana rangaji, kunnuwa sun yi ja.

"Sannu da aiki, magaji," na ce.

"Harkar rarraba ruwa ce, sana'ar gidanmu." Ya taka matakala ɗaya, ya tsaya yana haki, ya waiwayo. "Kuma ka lura da wani abu, Rilwanu. Bawa sai da ya yi shekara ashirin da uku kafin ya kai wannan matsayin. Ni tara kawai na yi."

Daga hawa na huɗu tsohuwa ta leƙo ta taga. "Yalla, ya waladi! Muya!"